Wasiƙa zuwa ga Edita: Dan Allah masu turi mu daina gaggawar yi wa memorin mutane fomatin

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a ya kuma ɗawainiya da mu. Dan Allah ka bani ɗan fili a jaridar nan taka in yi magana da 'yan uwana masu sana'a irin tawa, wato masu cajin waya da tura karatu da waƙoƙi da fina finai a memori, waɗanda a nan wajenmu masu turi kawai ake ce mana. Ni ina zaune ne a wani ƙauye a ƙasar Taura ta jihar Jigawa, ranar Lahadi nakan ɗaure kayana a bayan mashin in tafi kasuwar Gujungu in kafa tebur, sauran ranaku kuma ina ɗan shagona da sola ɗaya da batir biyu da wata tsohuwar laftof ta hannu dana siyo a Kano shekarun baya, har yanzu Windows 7 ce a kanta kuma da ita nake ciyar da iyalina Alhamdulillah.

Abinda yasa nake rubuto maka wani abu ne da ya faru a gabana makonni biyu da suka wuce wanda har yanzu bai bar raina ba. Wajen la'asar kasuwa ta fara watsewa wani dattijo yazo teburina, ya zaro leda daga aljihun 'yar shararsa ya kwance ƙulli har biyu sannan ya fito da memori ya miƙo min, yace ɗana ance min kaima kana wannan aikin, duba min ko Allah zai sa a dace. Nace Baba me ya same shi? Yace muryar yayansa ce a ciki, Allah ya yi masa rasuwa da daminar nan, shi ne yake bada karatu a zaurensu bayan asuba shekara da shekaru, wani jikansu ya riƙa ɗauka da waya har aka tara da yawa. Toh ranar yazo ne a kwafa masa a wani memorin zai aika wa 'yar marigayin da take aure a Haɗeja, teburin farko da ya kai aka saka a kwamfuta aka ɗan jima sai aka ce masa Baba bairos ya cinye komai, ya kai na biyu nan ma akace babu komai ciki sai dai ayi masa fomatin wato a share shi gaba ɗaya a zuba masa sabon karatu. Yace min shi ba sabon karatu yake nema ba, muryar ɗan uwansa yake nema. Wallahi Malam Edita yana faɗa muryarsa tana rawa.

Na saka memorin a kad rida wato ɗan abin da ake soka memori a jona da kwamfuta, kwamfuta ta bashi harafin E, na buɗe sai naga abinda na zata, duk foldodin sun koma masu 'yar kibiya a gefe wato shatkot, kowanne nauyinsa bai wuce kilobait ɗaya ko biyu ba. Ban taɓa ko ɗaya ba domin dannawar ce take tada bairos ɗin. Na danna maɓallin Windows tare da R na rubuta cmd na buga enta, baƙin allon nan ya fito, na rubuta

dir E:\ /a

sai gasu nan reras, folda goma sha ɗaya da sunayensu da ranakun da aka yi su, ba wadda ta ɓata. Na karanto masa sunayen ɗaya bayan ɗaya, da na zo kan wadda jikan ya saka wa suna karatun Malam sai ya dafa kafaɗata ya kasa magana. Duka aikin bai kai minti biyar ba, kuma da ace ya yarda da maganar teburin biyu da shikenan an binne muryar bawan Allah a karo na biyu.

Ba ina faɗa bane don in nuna na fi waɗancan yaran, nima na taɓa yin irin wannan ɓarnar kuma ita ce take damuna. Farkon fara sana'ata wata baiwar Allah ta aiko ƙaninta da memori mai hotunan bikin 'yarta na fari, naga shatkot na cika baki nace bairos ya gama dasu, nayi fomatin na zuba waƙoƙi a kai har ya cika. Ta aiko min cewa ba komai haka Allah ya ƙaddara. Sai bayan kusan shekara wani ɗan bautar ƙasa da aka turo makarantar sakandiren garinmu yana zuwa caji wajena ya ganni zan sake yi wa wani, ya riƙe hannuna yace tsaya, ya nuna min baƙaƙen nan guda uku wato dir. A ranar na gane hotunan matar nan suna nan lafiya lau lokacin dana goge su da hannuna. Rashin sani ya fi dare duhu, naje har gida na nemi yafiyarta ta yafe, amma hotuna basu dawo ba.

Bari in ɗan warware yadda abin yake domin in mutum ya gane dalili ba zai manta ba. Ka ɗauka memori ko filash ko hadis ɗin kwamfuta (hard disk, babban ma'ajinta) kamar sito ne na kasuwa inda manoma suke ajiye buhunan riɗi da zoɓo, mai sito yana da littafi da yake rubuta buhun wane, yaushe aka kawo, nauyinsa nawa, a wane lungu aka jingine shi. Kowane sito a cikin kwamfuta ana bashi harafi, C shi ne na cikin gida inda Windows take zaune, in an raba hadis biyu sai kaga D, wanda ka soka daga waje kuma ya samu E ko F ko G gwargwadon abinda ya tarar. A da B kuwa tun zamanin faifan filofi aka ware musu su shi yasa lissafin yake farawa daga C. Toh tagar nan mai hotunan folda ruwan ɗorawa da muke dannawa da maus kamar yaron sito ne, abinda aka ce ya nuna maka shi zai nuna, in an saka wa buhu alamar kar a nuna zai wuce shi kamar bai gani ba. Bairos ɗin shatkot abinda yake yi kenan, ba cin fayil yake ba, alama biyu yake manna wa foldodinka, ta ɓoyewa da kuma ta cewa wai kayan Windows ne kar a taɓa, sannan ya ajiye shatkot masu irin sunayensu a gaba domin ka danna ya samu hanyar shiga kwamfutarka. Shi yasa ko ka je ka kunna nuna ɓoyayyun fayil a saitin sau da yawa ba zaka gansu ba saboda alama ta biyun tana nan, wani bairos ɗin ma saitin yake lalatawa gaba ɗaya. Shi kuwa dir tare da /a littafin mai sito yake buɗe maka kai tsaye ya karanto duk abinda aka rubuta, mai alama da marar alama.

Kuma abinda nafi so mutane su sani shi ne dir karatu kawai yake yi, baya gogewa baya canza komai baya motsa ko fayil ɗaya, ko sau ɗari ka rubuta shi ba abinda zai samu memori, in kayi kuskuren harafi iyaka ya ce maka bai gane ba ko bai samu ba. Na faɗi haka ne saboda tsoron da ake yi wa baƙin allon nan yayi yawa, akwai wanda ya taɓa ganina ina rubutu a ciki ya koma gefe yana raɗa wai yaron nan ya fara harkar 'yan damfarar intanet, wani kuma yace zan ƙona kwamfuta. Alhali ba komai bane illa magana da kwamfuta da rubutu maimakon nuni da maus.

In ka buga dir layin farko zai fara da Volume in drive E, yana gaya maka sunan da aka raɗa wa memorin in yana da suna, in babu yace has no label. Layi na biyu lambar memorin ce, baƙaƙe da lambobi guda takwas an raba su huɗu huɗu da ɗan karan tsakiya. Daga nan sai jerin kaya, kowane layi da kwanan wata da lokaci da nauyi da suna, wanda kaga an rubuta DIR da manyan baƙaƙe a gefensa folda ce ba fayil ba kuma baya nuna nauyinta a nan. Can ƙasa zai tara maka fayil nawa ne nauyinsu nawa, folda nawa ce, sannan sauran fili nawa ya rage. Wannan layin na ƙarshe shi ne shaidar farko, in memori mai giga 8 ne kaga sauran fili giga 2 kawai toh ai kasan akwai kaya masu yawa a ciki ko da ido bai gansu ba, sito ba zai cika da iska ba. Lambobin da bait yake rubuta su shi yasa suke da tsawo, ni yadda nake yi waƙafi nake ƙirgawa, in waƙafi uku ne giga ake magana in biyu ne mega. Akwai kuma rigimar da muke sha da kwastomomi cewa mun sace musu fili don memori mai giga 8 ya nuna wajen 7.4, ba sata bace, kamfani yana lissafin giga ɗaya a bait 1,000,000,000 ita kuma Windows tana lissafinsa a 1,073,741,824, mudu ne ya bambanta hatsin ɗaya ne. Kwanan watan ma a kula, yadda aka saita kwamfuta yake bi, yawancin laftof ɗinmu na hannu tsarin Amurka ne a kansu wata ne yake zuwa kafin rana, in kuma ƙaramin batirin agogon cikin kwamfuta ya mutu duk folda ko fayil da ka ƙirƙira sabo zai iya ɗaukar shekarar da ba ita ba.

Ba duk abinda /a ya fito dashi bane bairos, nan ma ana kuskure. System Volume Information ta Windows ce, LOST.DIR da DCIM da Android kuma waya ce take yin su, DCIM ɗin ma a nan hotunan kyamara suke kar wanda ya kuskura ya goge. Abin zargi shi ne masu ƙarewa da .lnk da .vbs da kuma autorun.inf da duk wani .exe da yake ɗauke da sunan foldarka. Wani nau'in kuma wayo yake yi ya kwashe kayan duka ya zuba a wata folda marar suna, zaka ga layi da DIR amma wajen suna fayau, toh sai ka ƙara /x wato dir E:\ /a /x zai nuna maka gajeren sunanta na ɓoye, da shi zaka kama ta ka canza mata suna da umarnin ren.

In ka tabbatar kaya suna nan sai a cire musu alamar, shi kuma wani umarnin ne daban

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

ka tabbata harafin memorin ka saka ba C ba, wannan kam a duba sau biyu. Ka ɗan jira in kayan suna da yawa, da ya gama foldodi zasu dawo fili, sai ka kwafe su zuwa wani waje tukunna kafin ka goge shatkot ɗin. Kuma gaskiyar da bamu son faɗa ita ce yawanci kwamfutocinmu ne suke raba cutar nan, memorin dattijon nan lafiyarsa ƙalau ya baro gida, a teburin farko ya kwaso. Mutum ɗari zasu soka memori a laftof ɗaya ranar kasuwa babu maganin bairos ko kuma yana nan amma rabonsa da sabuntawa tun ranar da aka siyo, in baka wanke kwamfutarka ba ka gyara memori yanzu ka sake sokawa ya koma gidan jiya. Ga masu memori kuma, in ance muku ya cinye ku karɓi abinku ku mayar a waya ku duba, sau da yawa wayar Android bata kula da waccan alamar ta Windows zaku ga kayanku suna nan.

Amma kar in yi ƙarin gishiri, ba kowace cuta dir yake ganewa ba. In ka soka memori kwamfuta bata bashi harafi ba sam, ko Windows ta fito da saƙo cewa sai anyi fomatin kafin ayi amfani dashi, toh littafin mai siton ne da kansa ya yage, dir ba zai iya karantawa ba. A nan ma kar a danna fomatin, kar a zuba komai, a kai wa masu manhajar dawo da fayil a birni irin su kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Ko anyi fomatin mai sauri ma littafin kawai aka share buhunan suna nan har sai an jibga wasu a kansu, ni abinda ya kashe hotunan waccan matar ba fomatin ɗin kaɗai bane, waƙoƙin dana zuba a kai ne suka danne su har abada. Sai kuma jabun memori da suka cika kasuwannin ƙauye, an rubuta giga 32 ko 64 a jiki alhali cikinsa bai kai haka ba, shi littafin ƙarya aka yi masa tun daga inda aka ƙera shi, dir zai nuna maka sunaye da nauyi daidai amma ka buɗe fim yaƙi tashi. Wannan sai dai ka cika shi da kaya ka bi ka buɗe na farko da na ƙarshe ka gani kafin ka sayar wa mutane.

Ban da ceto kayan mutane ni wallahi dir ya sauƙaƙa min sana'a ta inda ban zata ba. Hadis ɗina na waje akwai fayil dubbai a ciki folda cikin folda, da in mutum yace yana son tafsirin wata sura sai in yi ta buɗe buɗe layi yana tsawo batir yana sauka, yanzu sai in rubuta dir F:\*tafsir* /s /b kawai, /s yana sa ya shiga kowace folda har ƙuryarta, /b kuma ya bar kwanan wata da nauyi ya baka suna da hanyar da zaka bi ka same shi, tauraron nan kuma yana nufin ko me ye a wajen. In hotuna kake nema *.jpg, in sauti *.mp3, in takardun ɗalibai ne irin silif ɗin JAMB ko na NIN *.pdf. In jerin yayi tsawo yana gudu ka ƙara /p zai riƙa tsayawa shafi shafi sai ka danna maɓalli ya ci gaba, in ka gaji ka riƙe Ctrl ka danna C ya tsaya. Wanda yazo yana kukan memori ya cika bai san me ya cinye ba sai in saka /o:-s ya jero su daga mafi nauyi zuwa ƙasa, nan take zaka ga wani tsohon bidiyo ne ya danne rabin fili, /o:-d kuma sabbin da aka zuba ne zasu zo a sama. In sunan folda yana da fili a tsakiya irin Bikin Sallah sai ka saka shi cikin alamar zance biyu in ba haka ba zai ɗauka abu biyu kake nufi.

Sai maganar amana wadda ita ce jarin mai turi. Sau nawa ake rigima a kasuwa cewa an canza min memori ko an goge min abu? Ni yanzu duk memorin da za'a bar min ya kwana kafin in taɓa komai sai na rubuta dir E:\ /a /s > jeri.txt wannan alamar mai kama da bakin kibiya tana sa maimakon ya zubo a allo ya zuba a takarda cikin kwamfutata, kaga ina da shaidar duk abinda yazo dashi da nauyinsa da ranarsa. Lambar nan mai guda takwas kuma ina rubuta ta a littafina gefen sunan mai shi a gabansa, bata canzawa don an kwafa ko an goge fayil, sai in anyi fomatin take sabuwa, toh in ya dawo muka buga ta fito iri ɗaya magana ta ƙare ba rantsuwa ba tara jama'a. Da wannan dabarar ce kuma na fitar da jerin duk karatun da nake dashi na kai aka buga min a takarda na liƙa a jikin shago, mutum ya tsaya ya zaɓa da kansa. Abu ɗaya da ya bani wahala, sunayen dana rubuta da ƙ da ɗ da ɓ sai suka fito da alamar tambaya a takardar, ashe sai ka fara rubuta chcp 65001 ka buga enta sannan kayi dir ɗin baƙaƙenmu masu lanƙwasa zasu fito daidai. Na daɗe ina fama kafin in gano wannan shi yasa nace bari in saka ko wani zai huta.

Umarnin dir ɗin nan fa ba sabo bane, ya girmi yawancin masu turin da suke jin tsoronsa. Sunan daga kalmar Turanci directory aka gutsuro shi, yana cikin tsarin CP/M da wani Ba'amurke Gary Kildall ya yi tun 1974, ya shigo MS-DOS, tsarin kamfanin Microsoft na kafin Windows, wanda ya fito tare da kwamfutar IBM a 1981, lokacin a kanta babu maus babu hoton folda mai ita da rubutu yake aiki. Folda cikin folda ma sai a 1983 ta zo da MS-DOS 2.0, zamanin da hadis ɗin kwamfutar IBM gaba ɗayansa mega 10 ne, karatun yayan dattijon nan na asuba ɗaya zai iya cika shi. Su /a da /s da /b da /o da nake ta ambata a 1991 aka ƙaro su da MS-DOS 5.0, kuma har yau a Windows 7 da 10 da 11 haka ake rubuta su ba canji. Abinda ka koya sau ɗaya ya yi maka aiki shekara talatin ai ba abin rainawa bane, manhajoji nawa muka koya suka shuɗe? Masu Linux kuma, wani tsarin kwamfuta ne daban da Windows, nasu ls ne, ls -a ya nuna ɓoyayyu ls -l ya kawo bayani dalla dalla, shi ma tun Unix na farko, tsarin da Linux ya kwaikwaya, a 1971 yake, kuma yaran da basu da kwamfuta zasu iya gwada shi a wayar Android da manhajar Termux.

Anan nake kira ga malaman kwamfuta na makarantunmu na karkara, na san halin da kuke ciki, wani wajen kwamfuta ɗaya ce ko babu sam ko akwai babu wuta, yara suna haddace sunayen sassan kwamfuta a allo har su gama basu taɓa kibod ba sai ranar jarrabawar JAMB wadda tun 2015 ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya. Amma ko laftof ɗin malam ce guda ɗaya ana iya zagaye ta a nuna wa yara wannan cikin darasi ɗaya, a kawo filash a ɓoye folda a gabansu a sa kowa ya zo ya rubuta dir /a ya nemo ta da hannunsa, gani ya kori ji. Yaron da ya yi haka sau ɗaya ya daina ɗaukar kwamfuta a matsayin abin tsafi, kuma gobe shi ne zai buɗe shagon turi a garinsu mutane su kawo masa hotunan iyayensu da takardun filayensu. Mu kuma da muke cikin sana'ar mu riƙa koya wa yaran shagonmu, ɓoye ilimin nan don kar a ƙwace maka kwastoma ba riba bace tunda ɓarnar da yaron teburin kusa da kai ya yi duk sunanmu take ɓatawa.

Kai kuma Malam Edita roƙona gareka ku ware mana ko rabin shafi ne duk mako na irin waɗannan abubuwan da Hausa, da misalin abinda muke fama dashi a ƙauye ba fassarar labarin sabuwar wayar da ba mai iya siya ba. In kun buga wannan wasiƙar kuma dan Allah a kula da umarnin dana rubuta kar a gyara su, fili ɗaya in ya ɓata ko sandar nan mai jingina baya ta juya gaba ba zai yi aiki ba mutane suce ƙarya nayi.

Dattijon nan na kwafa masa a memori biyu na kuma roƙe shi ya bar ni in ajiye kwafi na uku a hadis ɗina saboda tsaro, ya yarda. Ya ciro kuɗi nace Baba bar shi ka saka ni a addu'a, Lahadin da ta wuce sai gashi ya aiko jikan da ƙullin gyaɗa da saƙon cewa memorin ya isa Haɗeja. Jikan na zaunar dashi a benci na bashi kibod ya rubuta dir da kansa har sau uku. Duk mai turin da yake cin kasuwar Gujungu yake son gani da idonsa ya zo da memorinsa ranar Lahadi bayan azahar lokacin da layi ya ragu, zan nuna masa kyauta in sha Allah.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku, wani mai turi daga ƙasar Taura, jihar Jigawa.